Mutum Biyar Kawai Take Karɓa

A ofishin Ƙungiyar Manoman Citta ta Alheri da ke Kafanchan, da an ce amin a addu'ar safe kowa sai ya ruga teburinsa, ban da Mama Magdalene. Ita sai ta koma bakin get ta faro gaisuwa daga kan maigadi. Ya kwana, ya ƙafar nan da ke damunsa, ya jikar da aka haifa masa a Godogodo, an sa mata suna kuwa? Daga nan ta shiga sito wajen Caroline, ta leƙa wajen Jason akanta, ta zo kaina, ta tsaya a ƙofar manajanmu Oga Wilfred ta ɗan rusuna. Takan ƙare da ofishin shugaban ƙungiya, Baba Rabaran Eli, wanda ba ya zuwa sai jefi-jefi. Ko yana nan ko ba ya nan sai ta shiga ta gyara masa wuri. Bayan duk wannan ne take zama a kujerarta.

Ni Bernice sunana, ni ce sakatariyar ofis, kuma Allah bai ba ni haƙuri da yawa ba. Na sha ce mata, "Mama, jiya fa muka rabu, ba daga yaƙi muka dawo ba."

Sai ta yi murmushi ta ce, "'Yata, in ba ki tambaya ba, wa ya gaya miki kowa ya kwana lafiya?"

Ta girme mu duka a ofishin, a shekaru da kuma a aiki. Tun zamanin tafireta ita ce mai buga sunayen manoma, kuma ba suna kaɗai ta sani ba. Ta san wanda gonarsa ke bakin rafi a Fadan Kaje, ta san wanda matarsa ce ke noman shi sunan kawai ya bayar. In manomi ya zo da fushi, wajenta muke tura shi, ya fito yana dariya. Ina ƙaunarta ƙwarai, ko da yake gaisuwarta tana sa ni ciwon kai.

A farkon 1998 wata ikilisiya ta ƙasar waje da ke taimaka mana ta aiko da kwamfutoci. Biyar na tebur, da wata babba da aka ajiye a ƙaramin ɗaki kusa da sito, wadda ake kira saba. A cikinta dukan bayanan manoma suke, sauran kuwa wajenta suke zuwa ta waya su ɗauko su mayar. Mu dai Uwa muke ce mata. Okechukwu ne ya haɗa mana su, wani mai shagon kwamfuta kusa da tashar jirgin ƙasa, haifaffen kwatas ɗin reluwe. Ranar da aka keɓe su, Zumuntar Mata sun zo da tulunansu na kiɗa, an dafa shinkafa, Baba Rabaran ya ɗora hannu a kan Uwa ya yi addu'a. Na tuna Okechukwu ya miƙe yana wani bayani a kan lasisi, amma daidai lokacin aka fara raba nama. Ban ga wanda ya juyo ba.

Bayan 'yan makonni ɗan Baba Rabaran da ke aiki a Legas ya ji labari, ya aiko wa ubansa da tasa kwamfutar, don a cewarsa bai dace shugaba ya zauna da tebur tsirara ba. Jason ya ce ya ga yadda Okechukwu ya yi, ba sai an kira kowa ba. Ya jawo waya ta bayan labule ya haɗa ta, ta kuwa yi. Baba ya dube ta ya ce ta yi kyau, ya ci gaba da rubutu da bironsa. Mama Magdalene ta saƙa mata mayafi fari mai bakin shuɗi.

Daga nan ne wahala ta soma, amma babu wanda ya lura da cewa daga nan ne.

Mama za ta gama gaisuwarta, ta zauna, ta kunna kwamfutarta, ta buga sunanta da kalmarta ta sirri. Sai wani ɗan akwati ya fito a gilashin kwamfutar da Turanci, wai ba a karɓi buƙatarta ba. Ta goge hannu a zani ta sake. Ba a karɓa ba. Ta cire tabarau ta hura ta goge ta sake. Haka dai. Sai ta tashi ta je ta tsaya a ƙofar Oga Wilfred.

Oga Wilfred ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, mai tsantseni, irin mutanen da ke ninke leda su ajiye. A shekarar man janareta ya yi wuya, don haka ko fanka ba ya bari a kunne in zai bar ɗaki. Sai ya ce mata, "Madam, ina zuwa, in zan fita zan duba." In lokacin fitarsa ƙauyuka ya yi, ya kashe kwamfutarsa, ya kashe fanka, ya ɗauki hularsa, ya tsaya a teburinta ya ce ta gaya masa kalmar. Ya buga da yatsa biyu. Nan take Uwa ta buɗe.

"Kin gani? Lafiyarsa kalau. Sai an natsu ne kawai."

Ranar da ya fita, Mama ta wuni tana aiki kamar injin niƙa. Ranar da bai fita ba kuwa, sai ta wuni a zaune tana kallon ɗan akwatin nan. Ga damina ta kawo kai, ana shirin raba taki da iri, kuma ba a ba manomi sai sunansa ya shiga Uwa. Oga ya rage fita saboda shirye-shirye. Takardun manoma suka taru a teburin Mama har sai da ta ɗora musu dutse don iska.

Wata rana na gaji na ture ta gefe na ce, "Matsa, Mama, bari in gani." Na buga da kaina, harafi harafi. Ta ƙi ni ni ma. Na tafi na gaya wa Oga cewa injin ne ba shi da lafiya. Da zai fita banki ya kashe tasa, ya zo ya buga, ta buɗe. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To, ku biyu ke nan." Ranar ko abincin rana ban iya ci ba don haushi.

Ran Laraba ya kira ni ofis ya rufe ƙofa. Ya ce kwamiti zai zauna ran Asabar, kuma zai ba da shawarar a mayar da Madam Magdalene rumbunmu na Godogodo ta riƙa kula da buhuna, a ɗauko wata yarinya daga Kaduna mai takardar shaidar kwamfuta.

"Ba kora ba ne," in ji shi. "Zamani ne ya wuce ta. Ba laifinta ba."

"Oga, ka san Malam Kumai yana kwance."

"Na sani."

Malam Kumai mijinta ne, tsohon hedimasta, wanda ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi tun bara. Ita ke masa wanka kafin ta fito, ita ke komawa ta ba shi abinci. A ce mata ta tafi Godogodo kullum, da hanya irin ta damina, daidai yake da a ce mata ta ajiye aiki. Oga ya san haka, ni ma na sani, shi ya sa ya rufe ƙofa.

Da aka tashi hutun rana na same ta a gindin mangwaron bayan ofis. Ba ta ci komai ba. Ta ɗora wani gutsuren kwali a cinya tana ƙwanƙwasa shi da yatsu. Da na matso sai na ga an zana masa madannai da biro, layi layi, daidai da na kwamfuta, kowane da harafinsa. Wajen haruffan sunanta kwalin har ya yi laushi ya dushe.

Ta so ta ɓoye, ta ga na riga na gani.

"Malam ne ya zana mini da hannunsa mai kyau," in ji ta. "In na koma gida yana kira mini haruffa ina bugawa. Ya ce ƙila yatsana na zamewa ne ban sani ba. Tsufa, 'yata. A tafireta sai ka danna da ƙarfi, wannan kuwa ko ka shafa ya ji."

"Mama, ni ma fa ta ƙi ni."

"Ke kin yi da fushi ne."

Ban san lokacin da hawaye ya zo mini ba, kuma ni ba na son a ga ina kuka. Na ce mata zan je sayen burodi, na fita bakin titi na tare okada. Ana yayyafi, ko lema ban ɗauka ba.

Shagon Okechukwu ɗan ƙarami ne, tsakanin mai gyaran rediyo da wata mai sayar da burodi. Na same shi ya buɗe cikin wata kwamfuta yana hura mata ƙura. Ban ma gaishe shi ba, Mama da ta ji da ta yi mini faɗa.

"Injin da ka haɗa mana yana zaɓen mutane," na ce. "Yana son manaja, ya tsani tsohuwa."

"Anti Bernice, sannu da zuwa, zauna tukuna," in ji shi yana dariya. "Kwamfuta ba ya da zuciya, ba ya ƙin mutum. Me ya rubuta?"

Na gaya masa.

"Kullum?"

"Sai in Oga ne ya buga."

"Oga yana bugawa yaushe?"

"In zai fita."

Ya ajiye abin hurawar. "Ku nawa ne a ofis yanzu?"

"Kamar yadda ka bar mu."

"Kwamfuta fa?"

Na buɗe baki in ce biyar, sai na tuna mai mayafi. Na ce an ƙaro wa Baba Rabaran ɗaya, amma ita ado ce kawai, ko taɓa ta ba ya yi. Okechukwu ya ce kada in gaya wa kowa komai, kowa ya yi yadda ya saba. Gobe yana da aiki a Zonkwa, amma jibi da safe zai zo ya zauna kusa da Uwa.

Ran Juma'a ya zo har ya yi addu'ar safe tare da mu. Da aka ce amin ya ja ni zuwa ƙaramin ɗakin, ya kunna gilashin Uwa, ya buɗe wani wuri da ban taɓa gani ba. Ya ce duk wanda ya shigo, sunansa zai fito a nan. Muna tsaye sunan Jason ya fito, sai na Caroline, sai na Oga. Nawa ma yana nan, don na kunna kafin in taho. Ta taga ina hango Mama a bakin get tana tambayar maigadi ƙafarsa.

"Huɗu," in ji Okechukwu. "Saura ɗaya."

"Saura ɗaya me?"

"Anti, ranar biki na yi bayani, amma nama ya fi ni murya. Abin da ke cikin saba, kun saye shi, an ba ku lasisi. Wannan lasisin na saba ne shi kaɗai. Duk wanda zai shiga wajensa daga wani tebur, shi ma sai da nasa lasisi daban. Mutanen da suka aiko muku, guda biyar suka saya."

"Tsaya. Mun sayi tukunya, kuma kowane cokali sai an yanka masa takarda kafin ya shiga?"

"Haka masu abin suka tsara. Ni ba ni na yi dokar ba." Ya ɗaga kafaɗa. "Babana ya yi aikin sigina a tashan nan har ya yi ritaya. Layi ɗaya ne daga nan zuwa tasha na gaba, direba ba ya shiga sai an miƙa masa sanda a hannu. In sandar tana wajen wani jirgi, ko kai ne direban da ya fi kowa iya tuƙi, tsayawa za ka yi. Ku sandarku biyar. Wanda ya shiga ya ɗauki ɗaya, sai ya fita ya mayar. Na shida ya jira."

Ina shirin cewa ai mu biyar ne, sai wani suna ya faɗo a gilashi. Rabaran Eli.

Baba kuwa tun ran Talata yana Fadan Kaje wajen taron pastoci. Tsigar jikina ta tashi, ba zan ɓoye ba. Na leƙa baranda, sai ga Mama Magdalene tana fitowa daga ofishinsa tana ninke farin mayafin nan a hannu, ta ja ƙofa a hankali. Ta wuce teburinta ta zauna, ta goge hannu a zani, ta buga. Daga inda nake ina ganin ɗan akwatin ya fito. Ta sunkuyar da kai.

Na kira kowa da kowa, da murya irin tawa. Oga ya fito yana tambayar ko gobara ce. Okechukwu ya nuna musu sunaye biyar ɗin, ya sake bayanin sanda. Sannan ya juya wajen Mama cikin ladabi.

"Mama, wa yake kunna na Baba Rabaran?"

"Ni ce, ɗana." Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ba ta gane abin da ake kallo ba. "In baƙi sun zo suka ga na kowa yana haske, na shugaba a rufe, ai ba kyau. Baba ya ba ni kalmarsa ya ce in riƙe masa, shi mantawa yake yi. Sai in buɗe masa sunayen manoma in bari, ko da zai shigo ya ga muna aiki. Na ɓata wani abu ne?"

Okechukwu ya shiga ofishin Baba ya kashe kwamfutar, ya dawo ya ce, "Mama, buga yanzu."

Ta ce a'a, gara Oga ya buga. Na ce wallahi Oga ba zai taɓa ba. Ta zauna ta buga, Uwa ta buɗe. Caroline ta rafka guɗa, Jason ya ce, "Chai!" ya dafe kai, don ya tuna wa ya jawo waya ta bayan labule. Mama dai kallon gilashin kawai take yi.

Oga Wilfred ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Shi mutum ne mai saurin lissafi, na ga lokacin da ya gane cewa ba yatsunsa biyu ne ke da albarka ba, kashe kwamfutarsa ne ke sakar mata wuri. Kunya ta kama shi, sai ya fake da tambayar aiki.

"To, menene mafita?"

Okechukwu ya ce hanya biyu ce. Ko a bar tsarin yadda yake, ana ƙirga mutum nawa ne a ciki a lokaci ɗaya, a sayi ƙarin lasisi ɗaya ya zama shida. Ko a koma ɗaya tsarin, inda kowace kwamfuta ke da nata lasisin ko tana aiki ko tana barci, shi ma shida ake buƙata, kuma in an koma can ba a dawowa. Ko ta wace hanya sai an yi oda daga Legas, sai kuma kwamiti ya yarda.

"Wannan biyar ɗin," in ji Oga yana nuna gilashi, "wa ya rubuta shi?"

"Ni, ranar da na haɗa."

"In ka goge ka rubuta shida fa?"

"Zai karɓa, Oga. Ba ya bincike, amana ne aka ba mutum. Amma takardar da kuke da shi biyar ya ce. Ni ba zan rubuta ba, sunana ne a kan aikin."

"Haba! Wa zai taso daga ƙasar Turawa ya zo Kafanchan ya ƙirga mu?"

Gaskiya ni ma a raina na ce haka ne. Ga mata ta sha wahala, ga taki na jira, ga maganin abin a ƙarƙashin yatsa. Muna cikin wannan muka ji tarin tsohuwar motar Baba Rabaran a bakin get. An gama taro, ya biyo ya ɗauki takardun zaman gobe. Ya shigo da laka a takalmi, ya tarar da ma'aikatansa duka a cushe a ɗakin Uwa.

Ni na ba shi labari, don na fi kowa sauri. Da na kai wajen da sunansa ya fito a gilashi yana can Fadan Kaje, sai ya fashe da dariya har ya nemi kujera.

"Ashe duk watannin nan ina zuwa aiki kullum ban sani ba! Wilfred, ka rubuta a gaya wa kwamiti, ban taɓa makara ba."

Da dariyar ta lafa, Oga ya kawo maganar shida. Baba ya saurara har ƙarshe, ya tambayi Okechukwu ko da gaske babu mai ganewa. Okechukwu ya ce babu.

"To a bar shi biyar," in ji Baba. "Wilfred, manoman da ke kawo mana citta, da yawansu ba sa iya karanta sikeli. Abin da muka ce ya nuna, shi suke ɗauka su tafi gida. In hannunmu ya koyi rubuta shida a inda biyar ne don ba mai gani, wannan hannun ne zai je kan sikeli da kaka. Ba na so ya koya. In aiki ya ƙaru muka ɗauki mutum na shida, mu saya masa nasa. Yanzu na shidan ni ne, ni kuwa biro ya ishe ni."

Ya juya wajen Mama. "Magdalene, daga yau kada ki ƙara kunna ta."

"Baba, in baƙi sun zo fa?"

"In baƙo ya tambaya, ki ce masa shugaba ya ba ki wurinsa ne, kina aiki a ciki."

Ta rusuna ta ce to, amma na san ta, bai kwanta mata ba. Ran Asabar kwamiti ya zauna, ni na ɗauki bayanin taro. Oga Wilfred ya karanta abubuwan da ya kawo, taki, iri, man janareta, rufin sito. Da ya zo kan na ƙarshe sai ya ce wannan ya janye shi, ya ninke takardar ya sa a aljihu. Babu wanda ya ji sunan Godogodo a zaman.

Ran Litinin aka ce amin, kowa ya ruga, Mama ta nufi bakin get. Na zauna na kunna tawa, amma ban iya aiki ba, ido na kan baranda. Ƙafar maigadi ta yi sauƙi, jika an sa mata suna Rosemary. Yaron Caroline ya daina zazzaɓi. Ta zo kaina na amsa mata a gajarce don ta yi sauri, ta ƙi sauri, sai da ta ji lafiyar mahaifiyata. Da ta isa ƙofar Oga, kafin ta rusuna ya riga ya miƙe ya fito.

"Mama, ina kwana? Ya jikin Malam? Ya ci abinci kuwa? Hannun yana motsi?"

Shekarata nawa a ofishin nan ban taɓa jin ya ce mata Mama ba, ban kuma taɓa jin ya yi tambaya huɗu a jere ba in ba a kan rasit ba. Ta amsa masa ɗaya bayan ɗaya, ba ta rage ko guda ba.

Ta shiga ofishin Baba, ƙofa a buɗe ina gani. Ta goge tebur, ta gyara labule, ta ɗaga farin mayafin ta kakkaɓe. Hannunta ya tafi wajen makunni da kansa, ya tsaya a iska. Ta daɗe a haka. Sannan ta mayar da mayafin ta daidaita gefensa, ta ce wa kwamfutar a hankali, "Ki yi haƙuri," ta fito.

Ita ce ta ƙarshen zama, kamar kullum. Ta kunna, ba ta goge hannu a zani ba, ta buga sunanta da saurin da na san ta da shi a tafireta. Uwa ta buɗe. Ta ɗauke dutsen da ke kan takardun manoma ta ajiye a ƙasa.

Can sai na ga ta jawo jakarta ta zaro kwalin nan. Na ce ta ba ni in jefa a kwandon shara. Ta riƙe shi da hannu biyu.

"A'a, gida zan mayar. Malam ya ce shi zai ci gaba da shi, yana motsa masa yatsun da suka mutu." Ta shafa wajen da ya dushe, ta ɗaga tafin hannunta tana dubawa, gaba da baya. "Bernice, 'yata, ashe hannuna lafiyarsa kalau."

Na ce mata ni aiki nake yi, na juya fuskata wajen bango. Ita kuwa ta jawo takardar farko, ta wani manomi daga Fadan Kaje, ta ce, "Wannan ai matarsa ce mai gonar," ta fara bugawa.